Firjin Aro

Tun daga ƙofar gida Maman Aku ta san an taɓa mata ɗaki. Labulen da ke reto a ƙofarta ba nata ba ne. Nata shuɗi ne da rana ta gama cinyewa, har ana hango ƙafar mai wucewa ta cikinsa. Wannan kuwa mai nauyi ne, ruwan zuma, da 'yan tuntaye a gindi. Ta san shi sarai. Safe da yamma take wuce shi a ɗakin farko, ɗakin maƙwabciyarta da duk gidan hayar ke kira Mai Firji, don ita kaɗai ce mai shi a cikinsu.

Ta tsaya da ledar burodi a hannu, fulawa ba ta gama fita daga girarta ba. Tun asuba take tsaye a gidan burodi tana cusa zafafan burodi a leda, sai da ta roƙi mai gidan kafin ya sallame ta da wuri. Yau ce ranar da matar ƙungiya za ta zo duba gida.

Wata ƙungiya ce ke ɗaukar nauyin yara masu ƙoƙari zuwa babbar makarantar da ke bayan asibiti, mai ɗakin karatu da motar kai ɗalibai. Gurbi ɗaya tak aka ba ajin su Aku. Da aka yi jarrabawa sai yara biyu suka yi kunnen doki, Aku da 'yar Mai Firji, ƙawarta ta ƙut da ƙut. Shugaban makaranta ya kira iyaye ya ce tunda ƙwaƙwalwa ta ƙi raba gardama, gida zai raba. Za a aiko a ga inda kowace yarinya ta tashi, wadda ta fi rashin gata ita za a ba.

Tun ranar Maman Aku take tauna kalmar. Da me ake auna gata? Da mudu ne ko da sikeli? Ba wanda ya faɗa mata, kuma abin da ba a faɗa ba shi ya fi hana ta sukuni.

Ta ɗaga labulen ta shiga, sai ta ga kamar ta yi ɓatan ɗaki. Kafet ja ya rufe simintin. Kujeru biyu masu laushi sun jingina da bango, an lulluɓe su da yadi mai furanni. Ga talabijin a kan tebur da ɗan leshi a ka kamar amarya. A kusurwar da take jingine tabarma kuwa, firji ne fari dogo, ya yi tsaye kamar shi ne mai ɗakin. Inna, surukarta, ta hakimce a kujera ɗaya da mayafinta na fita. Aku na ƙasa tana shafa kafet da tafin hannu.

"Inna, mene ne wannan?"

"Au, ko sannu da gida babu? Rufin asiri ne, 'yar nan. Shigo ki ga yadda ɗaki ke zama ɗaki."

"Ai na ce a share kawai, a bar komai yadda yake."

"Kin ce. Ni kuma na ce baƙuwa daga ofis ba za ta zauna a tabarmar da ɓera ya yi wa ado ba, ina raye. Ta koma ta ce me? Ta ce gidan su wane ko wurin ajiye ɗuwawu babu?"

Maman Aku ta ajiye burodin a hankali. "Ke kika je aro?"

"Ni? Baiwar Allah da ƙafarta ta zo, kina fita. Har 'yan dako ita ta kira. Ta ce maƙwabci ɗan'uwa ne, kunyarmu kunyarta ce."

"Har da cewa wai Inna ta yi kama da matar manya a kujerar," in ji Aku. Ba banza ake kiran ta Aku ba. Duk abin da ya shiga kunnenta, ta baki yake fita, har da muryar mai shi.

Ruwa ba ya tsami banza. Matar da ko cokali ka ara sai ta biyo ka tsakar gida da ido, yau ita ce da kyautar ɗaki guda? Maman Aku ba ta manta lokacin da zazzaɓi ya kama Aku ba, jikin yarinya kamar tanda. Ta buga ƙofar Mai Firji tana roƙon ƙanƙara ko ruwan sanyi ta jiƙa tsumma. Matar ta tare bakin ƙofa da jikinta ta ce ruwan bai yi sanyi ba, wutar ba ta da ƙarfi. Alhali ƙwan lantarki na ci tar a bayanta. Tun daga nan gaisuwa ce kawai tsakaninsu, ita ma saboda yara.

"Inna, ita ma fa yau za a duba ɗakinta."

"To ai ta ƙara lada ke nan, ta fifita mu a kan kanta."

"Talauci suka zo nema, Inna. Wanda ya fi mu rashi shi za a ba. Ta kwashe ɗakinta ta juye mana, yanzu ita ce talaka, mu ne masu firji."

Inna ta riƙe haɓa, sai kuma ta yi tsaki. "Wa ke hawa mota ya zo neman talauci, ga shi nan a kowace kwana kyauta? Ke yarinya ce. Manya faɗa kawai suke yi. In suka ga gida tsaf, sai su ce wannan yarinyar za ta iya zama cikin 'ya'yansu. Kin taɓa ganin an ɗauki 'yar tabarma an kai makarantar kujera?"

Maganar ta soke ta, don ita ma ta taɓa raya hakan a ranta. Wa ya san abin da suke dubawa a zahiri? Amma ta san abu ɗaya: Mai Firji ba ta taɓa yin ciniki ta faɗi ba. In ta zaɓi ɗaki wayam, to ta ji wani abu a wani wuri.

Ta ɗaure mayafinta a ƙugu ta kama gefen firjin. "Tashi, Aku, naɗe kafet ɗin nan. Yanzu za su koma inda suka fito."

Ko motsa shi ba ta yi ba aka yi sallama a ƙofar gida. Baƙuwar murya ce, ta mace, tana tambayar ɗakin iyayen yaran nan biyu. An ce sai bayan la'asar, ga shi ko kiran salla ba a yi ba. Wannan ma Maman Aku ta sa shi a lissafi: da gangan ake sammako, don a kama mutum da hannu a cikin tukunya.

Ta leƙa ta gefen labule. Matar ba doguwa ba ce ba gajera ba, takalminta shimfiɗaɗɗe, 'yar jaka a kafaɗa. Ba takarda a hannunta, ba biro. Da ma takarda ta riƙe, da mutum ya san lokacin da aka rubuta shi. Wannan da ido za ta kwashe komai ta tafi da shi.

Mai Firji ta fito tarbar ta daga bayan wani tsohon zanen gado da ta rataye a madadin labule. Zanen jikinta ya koɗe, Maman Aku ba ta taɓa ganin ta da shi ba. Idanunsu suka haɗu ta tsakar gida. Mai Firji ce ta fara kawar da nata, ta ja baƙuwa ciki.

Babu sauran damar fitar da ko tsinke. Maman Aku ta durƙusa gaban 'yarta, ta gyara mata ɗankwali, ta goge mata gefen baki da yatsa.

"Ki saurare ni. Abin da aka tambaye ki shi za ki amsa. Kar ki yi ƙarya, kar kuma ki yi ƙari."

"In ba a tambaye ni ba fa?"

"Sai ki haɗiye."

"Mama, cikina zai kumbura."

"Ya kumbura, zan ba ki magani."

Ta wanke fuska, ta zauna a bakin katifar da aka tura bayan ƙofa, tana saƙa da warwara. Ta faɗi gaskiya baƙuwa na shigowa? A gaban Inna? Wannan tsiraita tsohuwa ne a gaban bare, kuma Inna ba za ta yafe ba har kabari. Ga Aku. Tunda ta haife ta ba ta taɓa bari ta ji kalmar "ba mu da shi" daga bakinta ba. Ranar da abinci ya gaza, cewa take ita ta ci a wurin aiki. Ranar da takalmi ya tsinke, cewa take na kanti ba su da ƙwari, gara a ɗinke wannan. Yau za ta buɗe baki ta ce duk abin da ke ɗakin nan na mutane ne, namu tabarma ce da katifa? Ta yanke shawarar za ta raka matar har waje, ta faɗa mata a can, su biyu. Ko za ta yarda? Kowa aka kama da firji ai cewa zai yi na aro ne.

Da matar ƙungiya ta shigo, ba ta kalli firjin ba, ba ta kalli talabijin ba, kuma rashin kallon ya fi kallon tayar wa Maman Aku hankali. Inna ta nuna mata kujerar dama da hannu biyu, ta jero gaisuwa har da ta mutanen ofis da ba ta sani ba. Matar ta amsa duka ba gaggawa, sannan ta juya ga Aku.

"Ke ce mai lissafin nan da aka ba ni labari?"

"Ni ce. Amma ƙawata ta fi ni rubutu mai kyau."

"A ina kike yin aikin gida?"

"A nan ƙasa. Mama ta kife tire, shi ne teburina."

Idon matar ya gifta kan teburin talabijin ya dawo. "Wa ke taya ki?"

"Mama. Kullum, ko ta gaji. In na yi kuskure ba ta dukana, sai ta ce in sake karanta tambayar da ƙarfi."

"Masha Allah," in ji matar, har da murmushi. Maman Aku ta ji murmushin kamar an ɗora dutse a ɓangaren sikelin da ba nata ba.

"Ke kin yi makaranta ke nan?"

"Na gama sakandare, Malama."

"Mahaifinki fa, me yake yi?"

"Malamin makaranta ne. Ya rasu."

"Allah ya ji ƙansa. Akwai littattafai a gidanku da kina yarinya?"

Ina ruwan littattafan mamaci da gurbin Aku? Kantar littattafai guda ce a ɗakin babanta, ta tuna ƙamshinta, ta tuna yadda aka sayar wa masu ƙulle kaya da su bayan rasuwarsa. Ta iya cewa babu, ba mai ƙaryata ta. Amma yanzun nan ta gama ce wa yarinya kar ta yi ƙarya, ga ta zaune tana kallon bakinta.

"Akwai," ta ce. "Babu ko ɗaya yanzu."

"Maigidan fa?"

Inna ta karɓe kafin ta buɗe baki. "Ɗana? Direban babbar mota ne, irin mai tayoyi kamar ƙafafun shanshani. Ƙasa-ƙasa yake ketawa. In ya danna oda a bakin titi, duk unguwa sai ta san ya dawo."

"Motar ba tasa ba ce, Malama," Maman Aku ta ce a hankali. "Tuƙi yake wa wani. Wani zuwan da abin hannu, wani zuwan sai gajiya."

Inna ta watsa mata harara. Don ta maido da martabar da aka zubar mata, sai ta gyara zama ta ɗaga murya. "Ke kuma kin bar baƙuwa da ƙishi sai surutu. Ɗauko mata ruwa mai sanyi a firji mana."

Maman Aku ta dubi wayar firjin, tana yashe a ƙasa ba a ma jona ba. Ta miƙe duk da haka, ko Allah ya sa an bar wata gora a ciki. Ta ba su baya, ta ja murfin kaɗan, daidai yadda ita kaɗai za ta gani.

Ba sanyi. Ko warin sanyin da ya taɓa zama babu, sai ƙamshin kafur. Robar bakin murfin ta bushe ta tsattsage, tsatsa ta ci bangon ciki har ta yi rami. A hawa na sama kayan makarantar yarinya ne a ninke, an yi wa gwiwar wandon faci da zare mai kala daban. A ƙasa takalmin namiji ne baƙi, an goge shi yana ƙyalli, na marigayi mijin Mai Firji, wanda ya yi akawu a kamfani kafin ciwo ya kwantar da shi. Sai gwangwani da 'yar shinkafa a gindi, da guntun kyandir, da sabulun da aka yanka gida-gida. Wannan firji ya daɗe da mutuwa. Ya mutu tun kafin zazzaɓin Aku.

Ta mayar da murfin ta tsaya, hannunta a kai.

"Ai Mama, ba a buɗe shi," in ji Aku daga ƙasa. "Mai Firji ba ta bari. Ko ni in na je ɗakinsu sai ta ce mu yi wasa nesa da shi."

"Wace ce Mai Firji?" matar ƙungiya ta tambaya.

Aku ta dubi uwarta, ta ga ai tambaya aka yi. "Maman ƙawata, ta ɗakin farko. Nata ne. Da kujerun, da kafet, da talabijin, da labule. Ɗazu aka kawo. Namu labulen yana ƙarƙashin katifa."

Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tana wani tari da ba na mura ba.

"Ɗakin da na fito yanzu?" Muryar matar ba ta tashi ba, amma murmushin ya tafi. "Inda aka shimfiɗa mini buhu na zauna? Ta ce mini tun rasuwar mijinta ta sayar da komai." Ta girgiza kai, ta gyara jakarta a kafaɗa. "Ba yau na fara gani ba. A kowane gida sai ka tarar da ɗaki ɗaya kamar kanti, ɗaya kamar an yi gobara. Ƙa'idarmu a fili take, duk wanda ya ɓoye abin da ya mallaka an cire ɗansa. Kun sauƙaƙa mini aiki."

Ta miƙe.

Wani irin daɗi mai zafi ya kama Maman Aku. Shi ke nan. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kai ƙarar kowa ba, gurbi ya faɗo a cinyar 'yarta. Ta hango Aku a tagar motar makaranta da farar safa, ta hango ta a ɗakin karatu irin wanda ita ta rasa. Wadda ta gina ramin ita ta faɗa, wa ya aike ta? Abin da ya rage kawai ta yi shiru ta raka baƙuwa ƙofa. Shiru kuwa ba zunubi ba ne, haka ta gaya wa kanta, hannunta na nan a kan murfin.

"Mama." Aku ta kama gefen zanenta, muryarta ta yi ƙasa yadda ba ta saba ba. "An cire ƙawata? Ni na sa?"

Ta dubi fuskar yarinyar. Wannan ba mai mantuwa ba ce. Za ta shiga motar nan kowace safiya ta wuce ƙawarta a ƙofar gida, tana sane da bakin wa ya yi aikin. Kuma wata rana, ko ba jima ko ba daɗe, za ta san abin da ke cikin firjin, ta kuma san uwarta ta gani ta rufe.

"Ba ki yi laifi ba, tambayar ki aka yi." Ta miƙa mata kofi. "Je ki famfo ki wanke wannan da sabulu, ki ɗauraye sosai, ki ɗebo wa Malama ruwa. Kar ki yi gudu."

Sai da ta ji takun yarinyar ya yi nisa, sannan ta ce, "Malama, kafin ki tafi."

Ta buɗe murfin har ƙarshe, ta matsa gefe.

Matar ta tako ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Ta sa yatsa a ramin tsatsar, ta dubi takalmin, ba ta taɓa shi ba. Inna ta leƙo ta bayanta, ta ce "Innalillahi" can ƙasan maƙoshi. Maman Aku ta yaye leshin talabijin ta juya shi, sai ga wayarsa a guntule, bayan a fashe an ɗaure da tsumma. Ta ɗaga yadin kujerar hagu. Ƙafa ɗaya babu, bulo aka tokara.

"Shi ya sa ta ce kar a raba ta da bango," Inna ta faɗa, kamar mai magana da kanta.

"Ban ce ba ta cuce ni ba," in ji Maman Aku. "Ta cuce ni, tana sane. Amma in kayan ɗaki kuke aunawa, ki auna su a buɗe. 'Yarta ba ita ta kira 'yan dako ba."

"To me ya hana ta barin su a ɗakinta, ta nuna mini haka da kanta?"

Inna ce ta amsa, ba tare da ta ɗago ba. "Ta buɗe da hannunta? Matar da sunan nan kaɗai ya rage mata? Ai gara ki ce ta tuɓe a kasuwa."

Matar ƙungiya ta juyo ta dubi Maman Aku sosai, karo na farko. "Kin san abin da kika yi wa 'yarki yanzu?"

"Na sani."

Ta nemi wani abu a fuskar matar, ko tausayi ko alkawari, ba ta samu ba. Har ta fara zargin ko tun farko matar ta gane komai, maganar cirewar ma gwaji ce. Aku ta dawo da kofi a hannu biyu, murfin firji a rufe, leshi a mazauninsa. Matar ta shanye ruwan tas, ta ce ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba, za a ji daga makaranta. Ta fita. Maman Aku ta ga ta sake tsayawa a ƙofar ɗakin farko ta yi sallama.

Rana ta yi sanyi kafin Mai Firji ta zo, ba 'yan dako, ita kaɗai. Yaran na can waje suna wasa. Ta tsaya a bakin ƙofa, idanunta sun kumbura.

"Kin buɗe."

"Na buɗe."

"Wa ya gani?"

"Ni, da Inna, da Malama."

"Aku fa?"

"Na aike ta famfo."

Mai Firji ta sauke numfashi, ta dafa bango. "Ni so nake kawai su bar ɗakina. Na rasa inda zan kai su, sai na tuna Inna na son kujera."

"Kin kuma san nawa ɗakin ma za a duba."

Mai Firji ta tsura wa kafet ido.

"Da kin ce mini ya mutu ranar da Aku ke zazzaɓi, da ban kwana ina tsine miki ba."

"Da na faɗa miki, da gari bai waye ba duk gidan nan ya ji."

"Ni ce Aku?"

Dariya ta so kuɓuce wa Mai Firji, ta koma kuka a hanya. Su biyu suka tura firjin a kan tsohon buhu har ɗakin farko, Maman Aku na riƙe da murfin da hannu ɗaya kar ya buɗe a tsakar gida. Wata maƙwabciya, matar tela, ta leƙo tana tambaya ko lafiya ake ta yawo da firji yau. Inna ta ce mata soket ɗinsu ne bai ɗauka ba, ta koma ta ji da tukunyarta.

Da sakamako ya fito, shugaban makaranta ya kira Maman Aku ofis, ya yi ta juya biro kafin ya faɗa. An ba 'yar Mai Firji. Sun ce marainiya ce, uwarta ba ta yi karatu ba, ba mai duba mata aiki. Ita kuwa Aku ubanta na raye, ga uwa da ke zama da ita kullum, wadda ita ma ta tashi a gidan littattafai. Sun ce wannan gata ne, ko da a kan tabarma ake yin sa. Baɗi akwai wata jarrabawar, in ƙungiyar ta sake ba da gurbi.

Ta yi godiya, ta koma gidan burodi ta tsaya kusa da tanda, inda kowa idonsa ke ruwa, ba mai tambayar wani. Tiren da take kifewa, da gajiyar da take haɗiyewa, da kantar babanta da aka sayar tun tana budurwa, su aka ɗora a sikeli suka kayar da 'yarta. Ta yi kukanta ta gama, ta wanke fuska.

Da ta dawo gida ba ta wuce ɗakin farko ba. Ta yi sallama ta shiga ba ta jira izini ba.

"Na zo taya murna, na kuma zo da magana. Duk littafin da aka ba 'yarki a makarantar nan, da duk aikin da aka ba ta, a ɗakina za a buɗe shi kowace yamma. Ita ta samu mai duba mata, Aku ta ga abin da ake koya musu. Baɗi ba na son kunnen doki."

"In na ƙi fa?" Mai Firji ta tambaya, tana satar kallon kusurwar da firjin yake.

"Ba da shi na zo ba. Wannan na rufe shi, na rufe. Roƙo nake, amma ba zan tafi ba sai kin ce to."

Mai Firji ta ce to.

Yanzu kullum in motar makaranta ta sauke yarinyar, tire biyu ake kifewa a ɗakin Maman Aku. Aku ta yi kukanta na kwana biyu, sannan ta koma kwaikwayon muryar malaman da ba ta taɓa gani ba, daga labarin ƙawarta. Maman Aku da kanta take zazzage jakar, ta duba har aljihun gefe, don har yau ba ta gama yarda cewa ba a rage wani littafi a ɗakin farko ba. In wani sabon ɗan haya ya nufi ƙofar Mai Firji da kofi yana neman ƙanƙara, kafin ya buga sai ya ji muryar Maman Aku daga ɗakin ƙarshe: "Kar ka wahalar da kanka, wutar gidan nan ba ta da ƙarfi."

Labulen ruwan zuma kuwa yana nan a ƙofarsu. Inna ta ce a jikin ƙusa ya maƙale, in aka ja zai yage, kuma Mai Firji ba ta sake tambaya ba.